Inna Talatu da Kunyar 'Yar Fari

Duk wanda ya zauna Greensboro a shekarun casa'in, kuma tsautsayi ya taɓa ajiye shi a bayan Inna Talatu a layin kanti, to ya san haƙuri. Ku da kuka san ta, na san tun yanzu kun fara dariya. Inna ba ta miƙa wa mai kanti kaya sai ta gaishe shi, kuma ba irin gaisuwar Amurka ba ta a yi murmushi a wuce. Da Turanci take yi, amma tsarin na gida ne: ina kwana, ina gida, ina yara, ya sanyi, ya aiki. Wata rana a gabana, a wani ƙaton kanti da ke titin Wendover, ta tambayi yarinyar da ke kan na'urar karɓar kuɗi ina gajiya. Yarinyar ta dafe kumatu ta ce, "Wayyo, har ta nuna a fuskata?" Layi ya yi tsawo, wani dattijo a baya yana ta duba agogo yana tsaki. Inna ta waiwaya ta ce masa, "Kwantar da hankalinka, kai ma ina zuwa kanka." Kuma wallahi ta zo.

Ga waɗanda ba su riske ta ba, Inna Talatu baturiya ce fara sol, doguwa, mai furfura da ƙaton takalmin kambas. Sunanta na yanka, in dai ana yi wa Turawa yanka, Karolin. 'Yar masu hali ce daga Irving Park, unguwar nan da kowane gida ya kusa kai makarantar firamare girma. Tana budurwa ta tafi aikin sa kai wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, ta sauka ranar Talata, tsofaffin garin suka raɗa mata Talatu suka huta. A bakin tsofaffin nan ta koyi Hausa. Shi ya sa in tana magana ka rufe ido, sai ka rantse kakar wani ce ta iso daga ƙauye da ƙullin daddawa.

Ni a kantin nan na fara ganin ta, watanmu biyu da zuwa daga Kano. Malam, maigidana, ya zo karatun digiri na uku a fannin noma, ni kuma na zo rakiya da goyo a baya. Na hango wata baturiya ta ɗaura zani a karkace, ya ɗage har ƙwauri. Bakina da ba ya shiru, na zunguri Malam na ce, "Dubi wata ta ɗaura zani kamar za ta bi kaza."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta sa hannu a kwandon sayayya, ta ɗago kaza daskararriya sama ta ce, "Ɗiyata, ai na kama ta."

Innalillahi! Na nemi ƙasa ta tsage in shige. Malam kuwa, jarumin maza, nan take ya tuna yana da buƙata a layin sabulu. Ni aka bari da durƙuso da ban haƙuri, ita kuwa tana ta dariya har da hawaye. A cikin kwandon nata, a tsakanin kaza da buhun shinkafa, ga wata yarinya baƙa kyakkyawa, 'yar kimanin shekara biyar, an yi mata kitso tsaf. Don in wanke kaina na ce, "Masha Allah, Inna, ya sunanta?" Sai Inna ta shiga karanta rubutun gwangwanin tumatir kamar ba ta ji ba. Na sake tambaya. Yarinyar ce ta gaji ta ce, "Salamatu."

Daga baya na ji labarin. Salamatu jikar aminiyar Inna ce ta can ƙauye. Uwa ta rasu, uba ya rasu, kaka ta tsufa ido ya tafi, ta aika aka kira Talatu daga Amurka ta ce ga amanarki. Inna ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta sha wahalar takardu kusan shekara biyu kafin ta taho da yarinyar, kuma ta kafe a bar mata sunan ubanta a rubuce, ta ce wannan ba nata ba ne balle ta taɓa. To amma a nan ma da saura. Alƙali ba zai sa hannu ya ce 'yarta ce ba sai wata ma'aikaciya daga ofishin kula da yara ta zo gidan ta duba zamansu ta rubuta rahoto. In rahoton ya yi kyau, shi ke nan. In bai yi ba, ana iya ɗauke Salamatu a kai ta gidan wasu da ba ta taɓa gani ba. Ga kuma Inna ta ɗauki kunyar ɗan fari ta riƙe gam, irin ta tsofaffin da: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane.

Mu da aka haifa a cikin al'adar mun daɗe da sassauta mata. Ranar da muka fara zuwa gidanta a Pleasant Garden, ɗana ya nufi turken awaki da rarrafe, na ƙwalla masa kira, "Walid!"

Inna ta dafe ƙirji. "Ke Hajara! Ɗan hwarinki? Da bakinki?"

Na ce, "Inna, ai an daina wannan, ko a Kano."

Ta ce, "An daina kunya? Yaushe anka sanar ban ji ba?"

Haka take da mu. In ka ce mata za ka zo wikend, sai ta ce, "Mi ne ne wikend, abinci ne?" Sai ka ce Asabar sannan ta gane. 'Ya'yanmu da ke amsa mana da Turanci, a gidan Inna da Hausa suke roƙon ruwa, in ba haka ba ƙishirwa ta gyara musu harshe. Gidan kansa abin kallo ne. Fili ne makeke, maƙwabta sun shuka ciyawa suna askewa duk mako, ita ta shuka kuɓewa da yakuwa da rama. Turminta a jirgi ta taho da shi. 'Yar masu kuɗi ce, amma ba ta taɓa jefar da robar man shanu ba, a ciki take zuba wa baƙi fura. Butar alwalarta kuwa tsohuwar jarkar madara ce.

A ranar ne Malam ya yi mata tambayar da duk muke yi a bayan idon Turawa irinta. Ya ga wata 'yar ƙararrawar tagulla a wuyan akuya, ya ce daga ina. Ta ce ta 'yan addinin Buda ce, daga zamanin da take nema.

"Neman me, Inna?"

"Allah mana. Na zauna da su a kan dutse na naɗe ƙahwa har gwiwa ta ƙi miƙewa. Na shiga bukkar gumi ta mutanen asalin ƙasar nan, anka hito da ni a sume. Babu inda ban leƙa ba, Malam, kuma ko'ina na samu mutanen kirki."

Malam ya gyara hula, ya ce, "Inna, ki gafarce ni, amma ni ina ganin ku Turawa ƙoshi ne ke damun ku. Wannan ya tafi Indiya ya dawo da carbi, waccan ta tafi Koriya ta dawo da jariri. Mu muna neman hanyar zuwa nan, ku kuna neman hanyar barin nan."

Na taka masa ƙafa, amma Inna ko a jikinta. Ta ce, "Gaskiyarka, ƙoshi ne. Sai da cikina ya cika na gane ba shi ke ciwo ba." Ta ce a gidansu na Irving Park ɗakuna sun fi mutane yawa, in ana cin abinci ƙarar cokali kawai ake ji. Da mahaifiyarta ta rasu, maƙwabta suka aiko da katin gaisuwa ta gidan waya, alhali ga ƙofa ga ƙofa. A ƙauye kuwa, ranar da aminiyarta ta binne ɗa, gari duka ya zo ya zauna a ƙasa tare da ita kwana bakwai. Da azahar ta yi, matar ta tashi ta shimfiɗa buzu ta yi salla, ta ɗaga hannu ta ce Alhamdulillahi. "Na ce wagga mata ta san wani abu da ban sani ba. Shekara goma sha ina yawo, daga ƙarshe wurinta na koma na ce ta koya mini. Ba duka namu ke samun abin da sunka hita nema ba, Malam. Wasu ado suke yi da shi. Amma kada ka yi wa mai nema dariya." Malam sai ya ƙara fura.

To, ranar zuwan ma'aikaciya ta zo. Da yake Turancin Salamatu bai nuna ba tukuna, ofishin ya ce a samo tafinta wadda ba 'yar gidan ba, aka ce ni. Matar sunanta Misis Dorati, baƙar fata ce 'yar garin, da tabarau mai sarƙa da fayil a hammata. Mace ce mai kirki, sai dai ko atishawa ka yi sai ta rubuta. Ta duba ɗakin kwana, ta duba firji, ta duba katin rigakafi, duk ta gyaɗa kai. Sannan ta zauna ta ce, "Karolin, ba ni labarin 'yarki."

Inna ta ce, "Tana nan."

"Me ya fi burge ki game da ita?"

Inna ta dubi silin. "Ba laifi. Tana cin abinci."

"Malamarta ta ce tana da ƙoƙari sosai."

"Haka sunka ce."

Ni ina gefe ina ji. Na san Inna da kan tsummar goge ƙasa ta koyi kitso, wata uku tana yi tana warwarewa, don kada yarinyar ta shiga makaranta da kai a tsefe. Na san duk rigar da ke jikin Salamatu ita ta ɗinka. Amma ga ta zaune ta haɗe rai kamar an kawo mata 'yar maƙwabta. Misis Dorati ta juya ga yarinyar, ta ce in tambaye ta me mamarta take kiran ta.

Salamatu ta ce, "Ke."

"Sai kuma me?"

Ta yi tunani. "In na yi ɓarna, ke ɗin nan."

Na so in yi wa fassarar kwaskwarima, amma na tuna baturiyar da ke gefena ta fi ni Hausa, kuma tsaf za ta gyara mini a gaban baƙuwa. Na fassara yadda yake. Misis Dorati ta cika shafi guda da rubutu.

Da na raka ta mota na yi ta zuba mata bayani, na ce al'ada ce, kunya ce, so ne ya yi yawa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na ji. Amma al'adarku ce, ba tata ba. Na san gidansu, gwaggona ta yi shekaru tana guga a layinsu na Irving Park. Na shiga gidaje da yawa na masu ɗauko yara daga ƙasashen waje. Akasarinsu iyaye ne na gaske. Amma na ga waɗanda suka ɗauko yaro kamar yadda ake ɗauko abin ratayawa a bango. Awa biyu ina zaune, matar nan ba ta furta sunan yarinyar ba ko sau ɗaya. Zan dawo nan da wata guda, kuma wannan zuwan shi ne na ƙarshe." Ban ga laifinta ba, aikinta take yi, kuma yarinyar take kare wa.

Muka tasa Inna a gaba. Malam ya kawo hujjar addini, ya ce babu inda aka hana uwa kiran sunan ɗanta. Ta ce ta sani, ai ba ta ce farilla ba ne. Matan unguwa suka ce ta sa mata laƙabi ko da Auta ne ko Mami. Ta ce tsofaffin da suka raine ta ba su yi wannan wayon ba. Na ce to ta yi ta maimaitawa ita kaɗai a bayan gida har bakinta ya saba. Ta ce, "Awaki su ji ni?"

Mako uku ana wannan. Sai wata dabara ta faɗo mini. Na buga wa yayar mahaifiyata waya a Kano, tsohuwa ce da ta san kan al'ada, na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya ta ce ai wannan ba matsala ba ce. Kunya ta uwar da ta haifa ce. Mai riƙo ba ruwanta, shi ya sa ma ake ba wa kaka ko gwaggo ɗan fari, su kira shi da sunansa su shagwaɓa shi son ransu. Na ajiye waya ina ji da kaina kamar na ci jarrabawar lauya. Da la'asar na sa Malam ya kai ni Pleasant Garden. Na tarar da Inna a baranda tana yanka kuɓewa za ta shanya.

Tun daga mota nake ɗaga murya. "Inna, an samu mafita! Ashe kunyar nan ba ta hau kanki ba. Ai ba ke kika haife ta ba, ke mai riƙo ce. Ki kira ta sau ɗari in kin so!"

Ta ajiye wuƙar a hankali. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ta ce, "Na sani, Hajara. Tun ba a haihe ki ba na sani."

Na yi tsaye da jaka a hannu.

Ta ce, "Duk wanda ya gan mu a hanya ya san ba ni na haihe ta ba. Hwatata ta gaya mishi. Takardun gwamnati sun gaya mishi. A kanti tambayata ake yi ɗiyar wa na ɗauko. Abu guda ke gare ni wanda uwa ke yi, baƙuwa ba ta yi. Shi kike so in bari."

Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har ta fi ta ranar kaza. Na zo da gudu in taimaka, ashe wurin da ya fi mata ciwo na taka. Duk tsawon lokacin nan mun ɗauka kwaikwayo take yi, irin na baturen da ya ga abu ya burge shi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, ta miƙo mini wata wuƙar ta ce, "Zauna ki taya ni, tunda bakin ya gama nashi aikin." Muka yanka kuɓewa har kwano ya cika, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Ranar zuwa na ƙarshe da hantsi na isa. Inna ta sha atamfa da mayafi kamar mai zuwa suna. Salamatu tana bayan gida wurin awaki. Misis Dorati ba ta duba firji ba wannan karon. Ta zauna, ta ɗora fayil a cinya ta ce, "Karolin, ranar Juma'a zan miƙa rahoto. Ba na son in rubuta abin da zai raba ku, amma abin da na gani kaɗai zan rubuta. Abu ɗaya nake roƙo. Ki kira mini yarinyar ta shigo."

Inna ta tashi ta je bakin ƙofa. "Ke!"

Misis Dorati ta rufe fayil, ta mayar da murfin biro, ta fara laluben makullin mota a jaka. Ƙarar makullin nan har yau tana kunnena. Na dubi Inna, fuskarta ta yi ja kamar tumatir.

Ta ce mini da Hausa, "Hajara, juya bayanki."

Na juya.

"Toshe kunnuwanki."

Na ce, "Inna, ni ce fa tafinta."

Ta yi tsaki. Can na ji wata 'yar siririyar murya, kamar ba tata ba, ta ce, "Salamatu."

Akuya ce ta amsa.

Ku yafe mini, ina hawaye amma sai da dariya ta kusa ƙwace mini. Inna ta ja numfashi, ta buɗe murya yadda duk Pleasant Garden za su shaida: "Salamatu!"

Sai ga yarinya a guje, ba takalmi, da ganyen rama a hannu. Ta tsaya cak a bakin ƙofa, ido a waje, ta dubi Inna, ta dube ni, ta dubi baƙuwa. Ta ce, "Inna, wa ya mutu?"

Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kai gaba ɗaya, kafaɗunta suna girgiza. Salamatu ta yar da ganyen, ta rarrafa ta ɗaga gefen mayafin ta shige ciki. Muka tsaya muna kallon tulin mayafi mai ƙafafu huɗu, biyu farare biyu baƙaƙe. Daga ciki muka ji yarinyar tana lallashi, tana cewa, "Yi shiru, Inna. Ba sai kin hwaɗi ba. Ai na san ni ce."

Misis Dorati ta dube ni ta ce me ta ce. Da na fassara, ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a sarƙa, ta daɗe tana kallon mayafin nan. Sannan ta buɗe fayil ta yi rubutun da bai wuce layi biyu ba. Matar da ke cika shafi saboda atishawa!

Sai ga muryar Inna daga ƙarƙashin mayafi, da Turanci, hanci a toshe: "Sau ɗaya ne. Don gwamnati. A rubuta haka."

Misis Dorati ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta ce ai sau biyu ne. Inna ta ce na farkon na akuya ne.

Bayan 'yan makonni alƙali ya sa hannu. Kuma Inna ta cika alkawari, ba ta sake ba. Salamatu ta gama sakandare, ta gama karatun jinya, aka kira sunanta a lasifika gaban dubban mutane, Turawa suna tsalle suna ihun sunayen 'ya'yansu. Inna tana zaune ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Wata mata a gefenta ta ce wacce ce taki, ta nuna da haɓa ta ce, "Waccan." Ranar ɗaurin auren Salamatu ma a kicin Inna ta wuni, wai tana duba shinkafa, shinkafar da tun safe aka sauke.

A ɗakin Salamatu Inna ta cika, watan jiya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni da Salamatu muka yi mata wanka. Ranar uku muna zaune a ƙasa, gida ya cika har waje, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Gana, da wasu tsofaffin Turawa daga Irving Park da suka rasa yadda za su yi da ƙafafunsu a kan tabarma. Wata baiwar Allah da ba ta daɗe da zuwa garin ba ta yi gaisuwa, da kyakkyawar niyya ta ce, "Allah ya ba ta ladan riƙon marainiya."

Ban san lokacin da na ɗago ba. Na ce, "Ba riƙo ta yi ba, Hajiya. Uwarta ce ta rasu."

Matar ta ba da haƙuri, ba ta san me ta yi ba. Ni na sani. Haƙurin da Inna ta hana ni bayarwa a baranda ne na samu na bayar, bayan shekaru masu yawa, ita kuma ba ta nan balle ta miƙo mini wuƙa ta rufe mini baki.

Ya Allah, baiwarka Talatu ta bar gidan daula ta yi ta yawo tana nemanka har ta same ka a kan buzu. Ka karɓe ta, ka yafe mata, ka haskaka makwancinta. Ka ba wa 'yarta haƙurin rashin uwa karo na biyu, ka haɗa su a Aljanna. Amin.